Shekarar da Kakanku Ya Koya wa Marowaciya Kyauta

Na sha jin ku, musamman ke Nana, kuna ba baƙi labarin wai a shekarar korona jirgin da ya kwaso 'yan Najeriya daga Kuala Lumpur ya tashi ya bar kakanku, Alhaji Ɗanlami, saboda ya tsaya shan shayi a mamak, wato shagon mai shayi na can. Labarin yana da daɗi, ban musa ba. Shi da kansa ya ƙaga shi, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai yarda ya gyara ko kalma ɗaya ba. Amma ku yi tunani mana: mutumin da ba a taɓa riga shi sahun farko a masallacin unguwarsu ba, shi ne kofin shayi zai sa ya rasa jirgi? Kakanku bai makara ba. Ƙin tafiya ya yi, kuma saboda ni ya ƙi. Yanzu da furfura ta gama da kaina nake so in rubuta muku yadda abin ya kasance, tun kafin ni ma in fara ƙara masa gishiri.

A lokacin muna zaune a unguwar Pantai Dalam, hawa na sha ɗaya, ɗaki biyu da falo, ni da mamanku da Nana mai shekara huɗu. Ina shekarar ƙarshe ta digirina na uku a fannin kwamfuta. Alhaji, mahaifin mamanku, tsohon tela ne a Fagge, ya zo ne a cire masa yanar ido, da niyyar ya yi mako uku ya koma. Aka yi aikin lafiya, aka cire bandeji, ya dubi mamanku ya ce ashe ta fara tsufa ba wanda ya gaya masa. Kwana biyar kafin tafiyarsa aka rufe ƙasar. Ba jirgi, ba makaranta, ba masallaci, mutum ɗaya kawai ke fita daga kowane gida ya yi cefane ya dawo.

Ku da kuka taso kuna hawa wuyan kowa ba za ku gane irin halin da na shiga ba. Surukina ne. A gida in na je gaishe shi, daga zaure nake durƙusawa, in yi minti biyar kaina a ƙasa, in tashi in kama gabana, sai kuma wata Sallar. Ga shi yanzu an kulle mu a wuri ɗaya da ba ya wuce taku goma. In yana falo ina ɗaki, in ya shiga ɗaki in lallaɓo in fito. Abinci a tsaye nake ci a kicin, kamar wanda ya sato. Shi ma haka yake fama, don in zai wuce ta ƙofata sai ya yi gyaran murya tun daga nesa, alhali nesan duka-duka taku uku ne. Mamanku kuwa abin dariya ya samu, ta ce ba ta taɓa ganin manyan mutane biyu suna wasan ɓuya da gaske haka ba.

Bari in gaya muku abin da nake karanta, don in ba ku gane shi ba sauran labarin ba zai yi muku daɗi ba. Ina rubuta manhaja ce mai buga ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da doki. Kwamfuta ba ta da zuciya, ƙirga ne aikinta. Kowane ɗa a kan allo yana da darajarsa: soja ɗaya, doki uku, sarauniya tara, da sauransu. Sai ta hango gaba, ta ce in na yi kaza zai yi kaza, ni kuma in yi kaza, har iya inda lokaci ya ba ta dama, sannan ta tsaya ta ƙirga wa ya fi 'ya'ya. Matsalar tana zuwa ne a inda gwani zai ba da babban ɗansa da gangan, a cinye, don ya fasa gidan sarkin abokin wasa. A ƙirge asara ce tsagwaronta. Ribar tana can gaba, wani lokaci gaba da inda kwamfutar ta tsaya da hange. Aikina shi ne in koya wa ƙaramar manhaja, wadda ko wayar hannu za ta ɗauka, ta bambance kyautar hikima da kyautar wauta. Na tara mata ɗimbin wasanni na gwada ta, sakamako ya fito kyakkyawa, har Farfesar da ke duba aikina, wata Bamalayiya mai ƙaramar murya da jan biro, ta ce in fara shirin miƙawa. Ina tafiya a lokacin kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba.

Allon ces ɗina yana kan teburin falo, ya fi wata uku ban taɓa shi ba. Alhaji da sabon idonsa komai kallo yake, har tururuwar da ke bin bango. Wata safiya ina ɗaki na ji yana tambayar mamanku.

"Dije, wannan allon daraf ne ko? To me ya sa 'ya'yan suka bambanta?"

"Ba daraf ba ne, Baba. Shi ne karatun Abban Nana."

"Au, dara aka turo shi ya karanta a nan? Ikon Allah! Da na sani ai da tuni na zama farfesa."

Gaskiya ya faɗa. Shekara arba'in yana buga daraf a ƙofar shagonsa bayan la'asar, kuma a layinsu ba mai zama gabansa sai baƙon da bai san shi ba. Mamanku ta koya masa tafiyar kowane ɗa, ni ina gyara mata ta bayan ƙofa. Ya raɗa musu sunayensa: mai doguwar hular nan ya ce liman ne, na gefe mai kama da hasumiya ya ce rumbu ne, kuma har yau a gidanmu haka muke kiransu. Da ya iya, sai ya nemi abokin wasa. A nan aka tsaya cirko-cirko. Ni ba zan zauna gaba da gaba da surukina ba, balle in ci masa sarauniya ina kallon idonsa. Mamanku ce ta samo mafita: shi ya zauna a falo da allo, ni ina ɗaki da kwamfuta, manhajata ce za ta buga da shi, ita kuma ta riƙa kai saƙo tsakani. Haka muka yi azumin shekarar nan gaba ɗaya. Daga la'asar zuwa kusan shan ruwa tana zirga-zirga da ludayi a hannu, ta leƙo ta ce doki ya koma kaza, in danna, in faɗa mata amsa, ta koma.

Manhajar ta yi ta lallasa shi. Ban ƙirga ba, amma ya sha kashi har na fara jin kunya, shi kuwa ko a jikinsa. In an cinye shi sai in ji yana dariya yana cewa, "Madalla, ɗan nema!" Sai bayan ƙaramar Sallah, rana ɗaya mamanku ta leƙo ta ce liman ya ci sojan da ke gefen sarki. Na duba. Liman uku ne, soja ɗaya, kuma sarkina zai cinye liman ɗin a banza. Manhajar ta nuna ta tsere masa da maki biyu. Na ji tausayin tsoho, na danna. Ta dawo ta ce doki ya matso yana barazana ga sarki. Na janye sarki. Ta dawo ta ce sarauniya ta fito. Ina kallo lambar da ke nuna ni ke gaba ta yi ƙasa kamar guga ya tsinke a rijiya. Taku huɗu bayan nan sarkina ya rasa wurin zuwa.

Kun san abin da na ce? Na ce mamanku ce ta yi kuskuren kawo saƙo. Ta ce ita dai abin da aka faɗa mata ta faɗa. Bayan kwana biyu ya sake yin irinta, wannan karon da rumbu, na sake ɗora mata laifi, har muka ɗan yi sa-in-sa a kicin. Ashe a can falo shi ma Alhaji ya yanke nasa hukuncin. Shi a ganinsa injin da ya yi wata guda yana dukansa ba zai faɗa rami ɗaya sau uku ba, sai dai in mai injin ne ya tausaya masa yake sakar masa wasa. Mako biyu cur muka yi a haka, ni ina zargin matata, shi yana zargina da kara, ba wanda zai iya tambayar wani. Ranar da ya ci na huɗu ban ji dariya ba. Sai gyaran murya, sannan a karon farko tun zuwansa ya kira ni kai tsaye.

"Malam Auwalu, fito."

Na fito na durƙusa a bakin kujera.

"Na gode da girmamawa, Allah ya yi albarka. Amma ni ba yaro ba ne da za a ba ni alewa in yi shiru. Ka daina sakar mini wasa."

"Wallahi Baba ban taɓa sakar maka ba. Ni na ɗauka ita ce take rikita saƙon."

"Ni ɗin?" in ji mamanku daga kicin, har da 'lah' ɗin nan da mutanen ƙasar ke ƙare magana da shi. "To yau na ajiye aiki lah. Ga ku ga juna."

Alhaji ya dube ni ya ce, "To in ba kai ba ne, ba ita ba ce, injinka ne ba shi da lafiya. Ɗauko shi mu gani."

Haka na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kwamfuta a cinya, gumi yana keto mini duk da fanka. Muka mayar da wasan baya zuwa inda ya ba da liman. Na buɗe jerin abubuwan da manhajar ta duba kafin ta yi takunta, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kyautar liman ba ta ciki. Ba wai ta duba ta raina ba, ko kallonta ba ta yi ba. Nan take na tuna. Irin waɗannan manhajoji suna da wata matata da ke zubar da takun da a fili asara ne, don kada a ɓata lokaci a kansu, amma akan ware takun da ke yi wa sarki barazana, a bar su su wuce. Ranar da aka rufe jami'a, aka raba ni da babbar kwamfutar ɗakin bincike, sai na matse matatar har ƙarshe don ƙaramar kwamfutata ta iya gama gwajin, da niyyar zan sassauta daga baya. Na manta. Duk takun da za a rasa ko soja ɗaya, nata ko na abokin wasa, sai ta zubar tun daga ƙofa.

Na yi masa bayani da muryar da ni kaina ban san tawa ba ce. Ya tambaye ni, to ta yaya ta ci jarrabawar da nake ta alfahari da ita? Na sake dubawa. A wasannin da na tara, kyautar wauta ta ninka ta hikima nesa ba kusa ba. Manhajar da ke cewa a'a ga kowace kyauta dole ta yi daidai a mafi yawansu.

"To ai na gane," in ji Alhaji. "Akwai wani tela a layinmu, duk yadin da ka kai masa sai ya ce ba zai isa ba. Bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba. Amma ban san wanda ya taɓa sa rigarsa ba." Ya dubi kwamfutar ya girgiza kai. "Marowaciya kawai."

Sunan ya bi ta daga ranar. Ni kuwa ban yi dariya ba, don saura mako uku in miƙa aikin shekara huɗu, kuma babi mafi girma a ciki an gina shi a kan iska. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in yi shiru. Lambobin suna da kyau, Farfesa ta riga ta sa hannu, ba wanda ya sani sai mu uku. Kwana biyu ina juya abin. Alhaji bai ce mini in faɗa ba, bai ce kada in faɗa ba. Kawai dai duk lokacin da na wuce sai in ga ya jera 'ya'yan a daidai wurin nan da ya ba da liman, ya bar allon a tsakiyar falo. A rana ta uku na kira Farfesa ta bidiyo na zayyana mata komai. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Wa ya gano?" ta tambaya.

"Surukina. Tela ne."

"To ka riƙe shi da kyau lah. Zan nemo maka ƙarin wata huɗu. Amma ka sani shi ne na ƙarshe, dokar jami'a ba ta ba da wani bayansa. In ba ka miƙa ba, an rufe fayil ɗinka. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya, alhali ban san ko zan iya ba.

Sassauta matatar aikin minti biyar ne. Amma da na sassauta sai muka koma gidan jiya: ƙaramar kwamfuta ba ta da ƙarfin bin kowace kyauta har ƙarshenta, dole a gaya mata wacce za ta bi, wacce za ta bari. Na tambayi Alhaji, kaina a ƙasa, shi ta yaya yake sanin wadda zai bi.

"A daraf ci dole ne," ya ce. "In na ba ka ɗa, ba ka da zaɓi, sai ka ci. To ni ba na ƙirga wannan a matsayin taku. Ina tafiya ne a inda hannunka yake ɗaure, ko taku goma ne ina ganinsu kamar ɗaya. Ranar da ka samu zaɓi biyu, nan nake tsayawa in yi tunani."

Wannan yana cikin littattafai, na karanta shi tun shekarar farko, amma sai a bakinsa na ji shi da kyau. Na sa manhajar ta daina ƙirga taku cikin iyakar hangenta a duk inda abokin wasa ke da amsa ɗaya tak, ta zarce kawai. Wata rana kuma muna duba wani wasa, ta ce mai baƙaƙen 'ya'ya ya fi da rumbu guda. Ya sa yatsa a kan rumbun da ke can ƙuryar allo, sojojinsa sun tare masa hanya.

"Wannan ai ya tafi ƙauye. Ana faɗa a ƙofar gidan sarki, shi sai jibi zai iso. Me ya sa take ƙirga shi?"

Daga nan na fito da ma'aunin da ya zama zuciyar aikina: kowane ɗa a auna shi da yawan takun da zai yi kafin ya iso inda ake rikici. Farko na zuba abin da yawa. Marowaciya ta tashi daga rowa ta koma almubazzaranci, ta riƙa watsar da doki da liman da sarauniya kamar mai liƙi a gidan biki, a bar ta da sarki tsirara. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, mamanku ta ce kada ya ɓata aikin likita. Sai muka shiga gyara a hankali. Kullum bayan la'asar in jera masa wasa a kan allo, ya duba ya ce wannan kyautar ta gaske ce, wannan ta ganin ido ce, in gwada da abin da manhajar ta ce, inda suka saɓa mu bi diddigi. Wani lokaci shi ke da gaskiya, wani lokaci ita. Ban san ranar da na tashi daga ƙasa na koma kan kujera ba, shi ma bai nuna ya lura ba.

Muna tsakiyar wannan aka ce an samu jirgin da zai kwashe masu son komawa gida, kuma tsofaffi ne a gaba. Sunansa ya fito. A gida ana jiransa, don an sa ranar auren autansa, kawunku Sabi'u, kuma shi ne zai karɓa masa auren da bakinsa. Mamanku ta haɗa masa kaya, na yi masa tapau, wato ƙunshin guzuri, na soyayyar shinkafar da yake so. Da safen da za a tafi ya fito da jallabiyar zaman gida, ya zauna gaban allo.

"Baba, mota ta kusa zuwa," in ji mamanku.

"Ki ce ta wuce. Na kira ƙanina, shi zai tsaya wa Sabi'u. Aure ko ba ni za a ɗaura. Wannan kuwa in na tafi, wa zai gaya wa Marowaciya ta yi ƙarya? Mijinki kunya gare shi, ko injinsa ba ya iya musa wa."

Na buɗe baki in roƙe shi ya tafi, ya ɗaga mini hannu. Na koma ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, kukan daɗi da nauyi a haɗe. Ranar ɗaurin auren ya sa babbar riga da hula, ya fesa turare, ya zauna a falo da waya a jingine jikin kwalbar ruwa. Layin yana yankewa yana dawowa, sai da aka shafa fatiha sannan hoton ya tsaya. Ya shafa tare da su, ya daɗe bai sauke hannu daga fuskarsa ba. Abin ya yi masa ciwo, na gani da idona, kuma bai taɓa ambata mini shi ba ko sau ɗaya. Ga 'yan gida kuwa sai ya ce shayi ne ya riƙe shi, don kada a ce surukinsa ya hana shi zuwa bikin ɗansa.

Na miƙa aikin saura kwana shida wa'adi ya cika. Kafin ranar kare shi cutar ta sake tashi, aka sake taƙaita fita, don haka ta bidiyo aka yi, ina zaune a falonmu da kwat a sama da wandon zaman gida a ƙasa. Mamanku ta kai Nana gidan maƙwabta, ta roƙi Alhaji ya zauna a ɗaki ya rufe ƙofa. Ya shiga da allonsa, ya bar ƙofar a ɗan buɗe. Malamai uku suka yi awa biyu suna juya ni. Can sai wanda aka gayyato daga wata jami'ar, wani dattijo mai farin gemu da bai yi murmushi ba tun da aka fara, ya ce ya gaji da lambobi. Yana da wani wasa da ba ya cikin tarin nawa, in shigar da shi yanzu a gabansu a ga abin da manhajar za ta ce. Ya riƙa faɗar wurin kowane ɗa, ina maimaitawa da ƙarfi ina dannawa. Daga ɗaki ina jin ƙwas, ƙwas, Alhaji yana jera nasa.

Da na gama na kalli allon, na ga abin a fili. Sarauniya za ta faɗa kan sojan gaban sarki, a cinye ta, sauran su rufa masa. Kyakkyawa ce kamar a littafi. Na danna, manhajar ta fara tunani. Daƙiƙa biyar, goma. Sai murya ta fasa ƙofa.

"Ba shi sarauniyar! Ke, ba shi mana!"

Farfesa ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Sai amsa ta fito, kuma ba sarauniya ba ce. Manhajar ta bar ta a inda take, ta jefa doki a wani gefen da ban ma duba ba. Na ce shi ke nan, rowar ta dawo a ranar da ba ta da magani, ta ji tsoron ba da tara ta ba da uku. Dattijon ya ce in buɗe masa abin da ta duba. Na buɗe. Kyautar sarauniya ce a saman jerin, ta bi ta taku bakwai, sannan ta ajiye.

Ya daɗe yana karantawa, sannan a karon farko na ga haƙoransa. Ya ce wasan tarko ne, shi ya haɗa shi da hannunsa, kuma yawancin masu son kai hari sarauniyar suke bayarwa. A taku na huɗu sarki yana da mafita ta biyu, in ya bi ta, rumbun da ake ganin ya yi nisa zai iso a kan lokaci. Dokin ne ke toshe wa rumbun hanya tukuna. Ya ce shi ba shi da sauran tambaya, sai guda ɗaya: wane ne ya yi ihu? Na ce surukina ne, kuma shi ma sarauniyar ya ce a bayar. Dariya ta ɓarke a duk tagogin bidiyon. Suka fitar da ni na minti goma, suka dawo da ni, Farfesa ta kira ni da sunan da na yi shekara huɗu da wata huɗu ina nema.

Na kashe kwamfuta, na tafi ɗakin da gudu-gudu, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, an ba ni. Na ci."

Bai ɗago ba. Yana sunkuye a kan allo, sarauniyarsa a hannu, yatsansa yana bin hanyar rumbun nan gida-gida. Ya kai ƙarshe, ya koma farko, ya sake bi. Sai ya ajiye sarauniyar, ya tafa hannu sau ɗaya, fuskarsa ta cika da wani irin farin ciki da ban taɓa gani a wurin wanda aka kayar ba.

"Wallahi da na bayar da na mutu! Ta gani, ni ban gani ba. Dije, zo ki ji, yarinyar nan ta fi ni!" Sannan ya juyo ya dube ni, idonsa ya ciko. "Alhamdu lillahi. Tashi daga ƙasan nan, Dakta. Je ka kunno ta, ni da ita yanzu aka fara."